Tsohuwa a Rumfar Fayafayai

A kasuwar Asabar ta garin Ludlow, wata tsohuwa ce tsaye a rumfar tsofaffin fayafayan garmaho. Kwat ɗinta kore ne, takalmanta na roba duk laka, ta ɗaure farin gashinta da zaren buhu. Tana bin fayafayan ɗaya bayan ɗaya, sai hannunta ya tsaya cak.

Faifan farko ne na wasu matasa da suka haɗa waƙoƙin ƙauye da jitar lantarki a 1968. A bangonsa samari huɗu ne zaune kan shinge, da budurwa, mawaƙiyarsu, riƙe da goge.

Clive mai rumfar ya ɗora mata shi kan garmaho. Idonta a rufe, leɓenta na riga mawaƙiyar isa kowace kalma, yatsun hagunta na danna iska kamar tsirkiyar goge. Da alama ta shekara arba'in ba ta saurare shi ba.

"Kin ji murya, Mama!" in ji Clive. "Daga wannan faifan suka sallame ta. Ko ina ta shiga? Allah sarki."

"Riƙe tausayinka, ɗan nan," ta ce tana dariya. "Tumakinta saba'in, jikokinta tara. Kai dai ƙara sauti."