Sarƙar da ta riƙe hannuna a Panyu

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da akwatuna biyu da babu komai a cikinsu sai yaji da kuka da kilishin autanmu, ƙanena da ke zaune a China. 'Yan matana uku suna barci, ban tashe su ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinsu na tofa musu addu'a, na sake jijjiga sakatar ƙofar baya, na bar su a hannun ƙanwar babansu. Shi maigidan aiki ya kai shi Fatakwal, sai a yi wata ba mu gan shi ba.

Ku da kuke bibiyata kun saba in dawo daga Guangzhou in cika ku da labarin jakunkuna da takalma. Wannan karon da wata magana na tafi a raina, kuma gara in faɗe ta tun yanzu. Unguwarmu sabuwa ce, a bayan gari, gidajen jefi-jefi. Ana saura kaɗan in tafi ɓarayi suka haura gidan da ke jikin namu, suka sari maigidan a kafaɗa. Muna jin ihun matarsa ta kan katanga, ni da yara mun cunkushe a banɗaki, abin da ke hannuna muciya. Ban taɓa jin na raina kaina irin ranar ba. Da na ba da labarin a kasuwa, wani mutum da ke kawo mana kaya ya ja ni gefe ya ce zai iya samo mini ƙaramar bindiga, wadda za ta shige jakar hannu ba wanda ya sani. Na san doka ba ta yarda ba, shi ma ya sani. Na ce ya bari in dawo daga China in ba shi amsa, kuma ko maigida ban gaya wa ba.

Mun yada zango a Addis Ababa, inda rabin masu jiran jirgi 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari ne, kowa na yi kamar bai san abin da ɗan'uwansa zai saro ba. Daga nan aka yi ta tafiya har ƙafafuna suka kumbura suka ƙi komawa takalmi. Autanmu ne ya tare ni. Ni na goya yaron nan, yau ga shi da gemu yana yi wa direban tasi Sinanci yana ɗaga murya. Zafin garin mai ɗanko ne, kana fitowa daga wanka kana neman wani. Masaukina yana kan titin Huanshi Lu, ɗaki ɗan tsukuku a hawa na sama, taga na kallon gadoji da suka hau kan juna. Kuɗin takarda ya kusa zama tarihi a can, ko ruwa za ka saya waya ake nunawa, shi ya sa auta ya zama jakar kuɗina.

Abinci bai ba ni wahala ba. Da rana taliyar Musulman China da ake ja da hannu a gabanka, da romon rago. In kewar gida ta taso, akwai wata baiwar Allah 'yar Nijar da ke tuwon shinkafa a wani bene, miyarta ta kuka ba laifi sai dai tana jin tsoron daddawa. Kasuwa kuwa ta yi tsada, ba don sun ƙara sosai ba, kuɗinmu ne ya rame. Jakar da na saba ɗauka bara, bana na tambaya aka girgiza mini hannu aka ce “meyo”, wato babu, an daina yin ta.

Mu 'yan kasuwa da hannu muke gani. In na ɗaga jaka sai na ja zif, na shinshina fatar, na murɗa hannun, sannan in juya in tura wa wanda ke bayana a fuska in ce, “Ka ga wannan?” Ba shawara nake nema ba, jikina ne kawai ya saba. Auta ya sha jaka a hanci har ya koyi ja da baya da zarar ya ga na ɗauki abu.

Muna cin taliya wata rana na fasa masa maganar bindiga. Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa ya dube ni.

“Yaya, ke da in za a yanka kaza kike shigewa ɗaki?”

“Kaza ba ta haura mini katanga ba.”

Bai yi dariya ba. Ya ce a ƙasar nan babu mai ajiye bindiga a gida, laifi ne babba, amma akwai wuraren da hukuma ta yarda a je a yi harbi don wasa, a gaban malami, a bar musu abinsu a tafi. Akwai ɗaya a wajen Panyu. “Ki je ki riƙe ta tukuna,” in ji shi. “Ke da ba kya sayen jaka ba ki taɓa ba.” Nan ya kama ni, na ce to.

Ranar da za a loda kayana muka tafi Nansha a motar abokinsa, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ke harkar tura kwantena. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba shingen kowa. Muna fita daga dogayen benaye sai gonakin ayaba da tafkunan kifi, sai gada bayan gada a kan ruwa mai launin shayi. Kusa da tashar jiragen ruwa kwantenoni ne jibge kamar an jera ashana, injinan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama. Ba a barin irinmu shiga ciki, a wani sito na kusa muka tsaya na ga katan-katan ɗina sun shige aka rufe. A hanyar dawowa muka ratse Panyu. Da muka isa, Alhaji ya kashe mota ya kwantar da kujera.

“Hajiya, ku shiga lafiya. Ni kunne biyu Allah ya ba ni, ina so in koma Kumasi da su.”

Wurin ya fi kama da asibiti fiye da abin da na zata. Tsit, fes, ana karɓar fasfo a ƙofa. Aka haɗa mu da malama, mace ce mai gajeren gashi, za ta yi sa'ata. Ta kai mu gaban wani kabad na gilashi, bindigogin hannu a kwance a jere, ta ce in zaɓa. Idona bai tsaya ko'ina ba sai kan wata 'yar mitsitsiya mai sheƙi, ko tafin hannuna ba ta cika ba. Da ido na auna ta da jakar da ke rataye a kafaɗata, na ga har da sauran wurin waya da turare. Na nuna ta.

Malama ta girgiza kai ta yi magana, auta ya fassara. Wai sabon hannu kullum ƙaramar yake so, alhali ita ta fi cizo. Ba ta da nauyin da zai shanye bugun, duk a hannunka yake ƙarewa. Ta nuna wata babba, baƙa, mummuna, mai cin ƙaramin harsashi, ta ce da ita ake fara koyo. Ni kuwa na shekara nawa ina jin masu shago suna kushe abin da na zaɓa don su tura mini wanda ya kwana musu. Na ce da auta, “Gaya wa lawban ɗin nan ni ba baƙuwa ba ce a kasuwa.” Lawban shi ne maigida ko uwar shago a bakinsu. Ta yi ɗan murmushi ta ce to, a gwada duka biyun.

Sai da aka yi fama kafin abin toshe kunne ya zauna a kan ɗaurin ɗankwalina, a ƙarshe na kwance shi na yi ɗaurin 'yan gida. A wurin harbin kowa da ɗan akurkinsa da teburi, can gaba takarda mai zagaye-zagaye a rataye. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne kowace bindiga a ɗaure take da gajeriyar sarƙa a jikin teburin. Na ce da auta, “Wato sun ga baƙar fata sun ɗauka guduwa za mu yi da ita?” Ya ce haka ake yi wa kowa, ga Basinen da ke kusa da mu ma tasa a ɗaure take. Ban dai gamsu ba.

Malama ce ta zuba harsashi da kanta, ta gyara mini tsayuwa, ta maimaita abu biyu har suka ishe ni: bakin bindiga gaba kawai, yatsa kada ya taɓa kunama sai za a harba. Na ce na ji. Na ɗaga 'yar ƙaramar na danna. Wallahi ji na yi kamar an fizge mini hannu daga wuyansa. Ta yi tsalle, ta ɗan ɓare mini fata tsakanin babban yatsa da manuni, takarda kuwa ko ƙwarzane babu. Na sake, na rufe ido tun kafin ta tashi. Abin da zan saka a jaka in kare 'ya'yana da shi ke nan, a ɗaki mai haske, ba mai bina da adda, na kasa samun takardar da ta kai faɗin faifai.

Aka kawo mummunar. Tana da nauyi, amma ta zauna a hannu, yatsuna duka suka sami wuri. Na harba, ƙarar ba ta kai ta farko ba, hannuna bai motsa sosai ba. Na ga ɗan rami a gefen takarda. Na ƙara, na ƙara, ramukan suna matsowa ciki, tsoro yana fita, wani daɗi yana shiga. Can sai ga rami a tsakiyar baƙin. Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Na juya gaba ɗaya da ita a hannuna, yatsana a kan kunama, na ce, “Auta, ka ga wannan?”

Sarƙar ce ta fizge ni. Hannuna ya tsaya cak a rabin hanya, bakin bindigar na kallon bangon akurkin, kafin in yi numfashi malama ta danne mini wuyan hannu a kan teburi. Auta yana tsaye daidai inda hannun ya nufa, ya ɗaga waya yana ɗaukata don ya tura wa 'yan gida. Bai ko ja da baya ba, don bai zata ba. Na ce ai harsashin ya ƙare. Malama ta zare gidan harsashin, ta ja saman bindigar baya, guda ɗaya ya faɗo ya gangara a kan teburin ya tsaya jikin jakata.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce da auta kusan kowane sabon hannu yana juyawa, kuma ba tsoro ke juya su ba, murna ce, shi ya sa aka sa sarƙar. Ta tambaya ko zan ƙarasa. Na ce a'a, sheshe, na gode. Na koma na zauna a benci. Yaron da na goya, na yi masa tsarki, na raka shi makarantar allo, sarƙar da ba ta kai kamu ɗaya ba ce ta tsaya tsakanina da ƙirjinsa. Na yi kuka sosai, shi kuma yana ta cewa, “Yaya, ba abin da ya faru fa.” A mota Alhaji ya dube mu ta madubi, ya kunna karatu har muka iso Huanshi Lu.

Sauran kwanakina na yi su a kasuwar kayan wuta. Na sayi fitilun sola masu kamawa da kansu in mutum ya gifta, da jiniya ta ƙofa mai ƙarar tsiya, da tocila mai dallare ido, na ƙara wasu don maƙwabta. Ranar tafiya auta ya raka ni har inda ake hana 'yan rakiya wucewa. Ya ce, “Mutumin nan na kasuwa fa?” Na ce ban yanke ba tukuna, kuma gaskiya na faɗa. Ihun matar maƙwabcina bai bar kunnena ba. A jirgi ina ta lissafin cewa zan iya ɓoye ta a saman kabad, zan iya koyo a hankali, ai yanzu na san wadda ta dace da hannuna.

Na iso gida da la'asar. Kun san yadda ake tarar matafiyi a gidajenmu, ba a jira ya zauna. Manyan suka rufar wa akwatuna, 'yar autata kuwa ta san inda alawa take. Ta zare jakar hannuna daga kafaɗata ta zazzage ta a kan tabarma, fasfo, turare, makullai, komai. Haka take yi tun tana rarrafe, ban taɓa hana ta ba, ni ma haka na yi wa jakar Innarmu. Ta tsinci tocilar, ta jujjuya ta, ta laluba har ta sami madannin. Sai ta juya da sauri ta dallara wa babbar yayarta a fuska tana dariya.

“Yaya, kin ga wannan?”

Na tsaya da mayafi a hannu ina kallonsu. Na tafi China ina tunanin wace bindiga ce za ta shiga jakata, ban taɓa tambayar kaina hannu nawa ne ke shiga jakar ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma ba zan ce muku tsoro ya tafi ba. Fitilu sun hau katanga, mazan layinmu sun haɗa 'yan sintiri, na gaya wa maigida komai ya yi faɗansa ya huce, har yanzu motsin kyanwa yana tashina. Wataƙila akwai gidan da ya san yadda zai zauna da bindiga, namu dai ba shi ba ne.

Washegarin dawowata mutumin da ya yi mini tayin bindiga ya leƙo shagona ya rage murya ya ce, “Hajiya, ya maganarmu?” Na ce ya bar ta, na fasa. Ya ce ko kuɗin ne ya yi yawa a rage mini. Na ce ba kuɗi ba ne, na gwada ta a can, kuma gidana babu sarƙa. Ya tsaya yana kallona bai gane ba, ni kuma na ci gaba da jera jakunkuna.