Ƙwayoyin da Yaya Mamman Ya Kai wa Alhaji Ige

Shekara tara ke nan cif da muka binne yayana Mamman, manomin albasa a Aliero. Duk shekara da hawaye nake tuna shi, amma bana wallahi murna ce ta sa na ɗauki biro, kuma zan faɗi dalili.

Wanda bai san Mamman ba, ya ƙaddara karan dawa ne aka sa wa riga. Dogo, siriri, ba ya zama wuri ɗaya. Da ƙirjinsa ya fara nauyi in ya ɗaga buhu, ya je asibiti a Jega. Likita ya auna jini ya ce kitse ya yi masa yawa, abin nan da suke kira kolestarol, ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Mamman ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. "Ke Hajara, diba jikin ga. Ina kitse za shi zauna?"

A saninsa, da sanin duk 'yan majalisarsu, kitse ciwon masu tumbi ne. To yana da amini, Alhaji Ige dillalin albasa, wanda in ya hau babur sai taya ta lotsa. Mamman ya yanke cewa wannan magani Alhaji ya fi shi buƙata. Sai ya riƙa sayowa duk wata, don kada ya saɓa wa likita, ya kai wa amininsa da hannu biyu. Ni kuma, malamar makaranta guda, ina ganin yana sayowa ina cewa madalla. Wannan sakarcin nawa har yau yana ci mini rai. Wata safiya ana jera albasa a rumbu, ya dafe ƙirji ya zauna, bai sake tashi ba. Ranar sadakar uku Alhaji Ige ya gaya mana gaskiya yana kuka. Allah Ya jiƙan Mamman.

Babban ɗansa Bashiru ya ɗauko jikin uban sak, har da taurin kan. Sai da na yi shekara biyu ina masifa kafin ya yarda aka auna shi bara. Aka samu abin nan dai. Likitar da ta duba shi ta ce irin wannan gadonsa ake yi: hanta ce ba ta kwashe kitsen daga jini yadda ya kamata, ko mutum bai taɓa lasar man shanu ba.

Ya fara shan ƙwaya, sai cinyoyinsa suka kama ciwo, ga shi tsakiyar ban ruwa. "Gwaggo, ni na bari," in ji shi. Nan take na hango kabari na biyu. Na ja shi muka koma. Ashe yanzu hanya ba ɗaya ba ce! Likitar ta rage ƙarfin ta farkon, ta ƙara masa wata mai tare kitsen tun daga hanji. Ciwon cinya ya tafi. Da aka sake awo, kitsen ya sauka ƙwarai. Ni da shekaruna na rangaɗa guɗa a harabar asibiti, ban ji kunyar kowa ba.

Ta kuma ba mu labarin allurai da aka fito da su, har da wadda ake yi sau biyu a shekara. Tana da tsada, ba ta wadata a wurarenmu ba tukuna, amma tana nan. Ina ma Mamman ya ji wannan! Na san zai yi gardama, zai ce ai shi lafiyarsa ƙalau. Amma allura dai ba a sa ta aljihu a kai wa aboki.

Me ya saura na Mamman? An raba gonar, rumbun ya rushe. Jininsa ne ya saura, da alherinsa da abin da ke cikinsa. Watan jiya Bashiru ya ɗauki mota ya kwaso ƙannensa daga Maiyama da Gehuru aka auna su, aka samu biyu, sun fara magani. Na raka su asibitin, muna shirin fita ya waiwayo ya ce, "Gwaggo, ke hwa? Ba uwa ɗaya uba ɗaya kuke da Baba ba?"

Shekara tara ina wa'azi, ban taɓa miƙa hannuna an auna ni ba. Na miƙa, kuma an samu. Ɗazu ma ya bugo waya ya ce, "Gwaggo, kin sha?" Na ce na sha.