Tunkiyar da Ba a Kai Kasuwa Ba

Arewa da Ɗanzomo, inda rairayi ke haske da rana kuma itatuwan gawo ke tsaye ɗai-ɗai cikin gonaki, akwai wata dattijuwa da ake kira Inna Ummulkhair. Siririya ce, maganarta kaɗan, tafiyarta ba ta tayar da ƙura. A ruga aka haife ta, da ƙwaryar nono a ka ta girma. Shanun mijinta, Bappa Cindo, sun ƙare a hankali, wasu ciwo ya ɗauke, wasu aka sayar aka sayi gero. Da ya rasu, abin da ya bar mata shi ne turaku babu dabba da 'yar gonar riɗi da ta gaji da haihuwa.

Wata shekara wata ƙungiya mai ba matan karkara ƙaramin rance ta iso. Matan unguwar suka haɗa kai, suka sa sunanta a cikinsu. Sharaɗin a fili yake: kowace ta biya idan shekara ta zagayo, in ɗaya ta gaza, dukkansu sun rasa rancen damina, wanda da shi suke sayen iri da taki. Wasu suka zuba nasu a riɗi, wasu a zoɓo. Inna Ummulkhair ta shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta dawo tana jan farar tunkiya mai baƙin kunne.

Ban taɓa ganin an riƙe dabba yadda ta riƙe wannan ba. Harawa mai kyau ita ke ci, dusa da kanwa ba sa yankewa. Idan hadari ya haɗo, tunkiya ce ke fara shiga ɗaki. Kashinta kuwa Inna ta riƙa tarawa tana kaiwa gona a faifai, har ƙasar ta fara farfaɗowa. Tunkiya ta haifi tagwaye, duka mata, ta yaye su, ta sake ɗaukar ciki.

Lokacin biya ya matso. Riɗin bai kai ba, 'ya'yan ba su yi kuɗi ba tukuna. Kowa ya san mafita, a sayar da uwar. Zakiyya, shugabar matan, jikar Mangawa ce, dangin Barebari, tsakaninta da Inna akwai wasan nan na Fulani da Barebari, ita ta zo da maganar.

"Ke Bafullatana, Alhamis ki ja uwar nan zuwa Maigatari. Ko so kike mu yi mata lefe ta tare a ɗakinki?"

"Ba tawa ba ce. Yaya zan sayar?"

"To ta wa ce? Ta aljanun tsamiya?"

"Haɓɓanaye ce," in ji Inna.

Haɓɓanaye al'adar makiyaya ce. Wanda ya rasa dabba, sai ɗan'uwa ya ba shi aron mace. Ya riƙe ta fiye da tasa, ba duka, ba yanka, ba sayarwa. Abin da ta haifa nasa ne, uwar ta koma inda ta fito. A wurin Inna, tun ranar da kuɗin ƙungiya suka zama tunkiya, abin da ta karɓa ke nan.

Ranar biya mata suka taru ƙarƙashin darbejiya. Nana Firdausi, matashiyar jami'ar ƙungiyar, ta zo daga Gumel a bayan babur. Ana cikin karɓa sai ga Inna da tunkiyar, an wanke ta fes, da sabuwar igiya a wuya.

"'Yata, ga amanarku. Ta haifa mini biyu, ga ciki kuma. Allah ya saka da alheri."

Mata suka yi dariya, dariyar ba ta daɗe ba.

"Inna, ofishinmu ba shi da turke," in ji Nana Firdausi a hankali. "Kuɗi aka ce in kawo. In na koma babu naki, na damina ya rufe ga kowa."

Wasa ya bar fuskar Zakiyya. "Kin ji ko? Gonakinmu ne a igiyar nan da kike riƙe da ita."

Inna ta sunkuyar da kai. "Na sani, Zakiyya. Ku karɓe ta ku yi yadda kuka ga dama. Ni dai hannuna ba zai karɓi kuɗinta ba."

Sai Mu'minat, wata sabuwar shiga da ke jiran rancenta na farko a ranar, ta yi magana daga bakin tabarma.

"Malama, ni kuɗin da za ki ba ni ai tunkiya zan saya. Ga ta nan da ciki. Me zai kai ni Maigatari dillalai su yi wasa da ni?"

Nana Firdausi ta dubi tunkiyar, ta dubi Inna da Mu'minat. Ta miƙa wa Mu'minat kuɗinta, Mu'minat ta mayar mata a madadin Inna, igiya ta sauya hannu. Inna ta durƙusa ta yi wa tunkiyar raɗa da Fillanci, sannan ta ce wa Mu'minat, "Ba ta son hayaniya. Kada ki ɗaga mata sanda."

Matan sun sami rancen damina, sun yi shuka. Abin da har yau ke ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo baya, domin Mu'minat ma ba ta sayar ba. Da shekararta ta cika, ta miƙa igiyar ga wata mai jiran rance, yadda aka yi mata. Babu wanda ya kafa doka, haka kawai hannaye suka ƙi. Yanzu idan ka ratsa unguwar da hantsi za ka ga tumaki farare masu baƙin kunne suna fitowa daga gidaje daban-daban, kamar an yayyafa musu tawada ɗaya.

Turakun Bappa Cindo sun sake cika da igiyoyi. Tsohuwar tunkiyar tana wani gida can bakin gari, haƙoranta sun soma zubewa. Ranar Juma'a bayan la'asar Inna kan ɗaure 'yar dusa a gefen mayafi ta je gaishe ta.