Izinin da Na Bayar a Ƙofar Masallaci

Abubuwa da yawa na aiki sun zube daga kaina, amma ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ranar da na zauna cikin kwamiti ina kallo ana yanke wa ɗalibi hukunci a kan laifin da ni na yi. Ku matasan malamai kun ce in ba ku labari guda kafin a tashi. To ga shi, ko da yake ba irin wanda mutum ke jin daɗin bayarwa a kan kansa ba ne.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, daidai lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ina koyarwa a wata kwalejin horon malamai a yankin Boɗinga, kuma ni aka ɗora wa kula da harkokin ɗalibai. Ɗaliban namu ba yara ba ne. Yawancinsu magidanta ne, malaman firamare da aka ɗauka a gurguje ba su da takardar koyarwa, daga baya aka turo su su zo su samu. A shekarar kuwa magana ta fito fili cewa za a rage ma'aikata, kuma duk malamin da bai riƙe takardar nan ba, shi za a fara sallama. Mu ma malaman kwaleji ba mu tsira ba. Kowa ya san wanda ke da takardar gargaɗi a fayil ɗinsa shi ne a bakin ƙofa. Sai ka ga malamin da a da sai hantsi ya dubi ludayi yake shigowa, yanzu ya riga mai shara isowa.

Bari in bayyana muku dokar, don ku fahimci inda aka samu matsala. Ɗalibin da zai bar makaranta fiye da kwana uku, dole ya karɓi takardar izini daga hannuna. Akwai littafi na musamman, kowane shafi da lambarsa a jere, ana sa kabon a ƙarƙashi, in yage na sama in ba ɗalibi, kwafin ya zauna a littafi. Wanda ya yi mako biyu ba ya nan ba tare da wannan takarda ba, ba za a sa sunansa cikin masu zana jarrabawar ƙarshe ba. Ana karanta musu dokar ran da suka shigo, kowa ya sa hannu ya ce ya ji ya yarda.

Akwai wani ɗalibi, Umaru, mutumin Danchadi, ɗan ajin ƙarshe. Ya ba talatin baya, yana da mata da 'ya'ya uku. Ba shi ne gwanin aji ba, amma ba ya fashi, kuma irin mutanen nan ne da ko a hanya kuka haɗu sai ya cire takalmi kafin ya gaishe ka. Wata rana a tsakiyar zangon karatu, na fito daga sallar la'asar ina sauri, domin an ce an kawo mai a gidan man bakin titi, ga babur ɗina ya kwana biyu a jingine. Sai na ga mutum ya tsuguna a gabana, ashe Umaru ne.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, aiko anka yi min daga gida. Tsohona ya hwaɗi, ɓarin jiki nai ya mutu. Ni ab babba, dole in kai shi asibiti."

Na ce, "Subhanallahi! Tahi, tahi maza, Allah shi ba shi lahiya. Takarda kuwa bar min ita, gobe da sahe in rubuta."

Ya yi godiya ya tashi. Ni kuma na garzaya layin mai, na yi ta fama har magariba. Gobe da safen nan da na ce, har yau ba ta zo ba.

Wani a cikinku zai ce, to me ya hana shi da ya dawo ya zo ya karɓi takardarsa? Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A wurin mutum irin Umaru, idan babba ya ce maka ya ɗauki abu a wuyansa, komawa ka ce masa ina takardata daidai yake da ka ce ba ka yarda da maganarsa ba. Ya yi jinyar mahaifinsa kwana ashirin da wani abu, ya dawo, ya zo har ofis ya gaishe ni. Na tambaye shi mai jiki, ya ce da sauƙi. Shi bai tayar da maganar takarda ba don kunya, ni ban tayar ba don na manta sarai.

Sai da bazara ta kama, lokacin tura sunayen masu jarrabawa ya zo, sannan abin ya tashi. Ranar Talata na zauna da rajistar kiran suna ina fitar da waɗanda suka yi fashi, ina gwadawa da littafin izini. Na zo kan sunan Umaru. Na buɗe littafi daga farko har ƙarshe, na sake dawowa daga ƙarshe zuwa farko. Babu. Nan take ƙofar masallacin nan ta faɗo mini a rai.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini shi ne in rubuta takardar yanzu in sa mata tsohon kwanan wata. Har na ɗauki biro. Amma shafukan a jere suke da lamba, na kwanakin nan duk an cike su tuntuni, kuma Firinsifal ɗinmu mutum ne da ke bin lamba ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ajiye biro. Na ce wa kaina gobe a kwamiti zan yi bayani. Na maimaita wannan magana ya fi a ƙirga, kuma duk maimaitawar da na yi sai in ji ta ƙara nauyi.

Ranar Laraba da hantsi kwamiti ya zauna a ofishin Firinsifal: shi, da mataimakinsa, da malamai biyu, da ni mai riƙe da littattafai. Ranar ce ta ƙarshe da ofishin jarrabawa a Sakkwato zai karɓi sunaye, motar makaranta tana waje tana jira. Firinsifal, Malam Haliru, dattijo ne dogo, ba ya faɗa, ba ya kuma dariya, ni dai ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ɗalibai huɗu ne za su bayyana. Ukun farko kowa ya zo da tatsuniyarsa, aka saurare su aka sallame su. Sai aka kira Umaru. Ya shigo ya tsuguna a gefen ƙofa, an nuna masa benci ya ƙi zama.

Firinsifal ya ce, "Umaru, fiye da mako uku ba ka cikin makaranta. Ina takardar izininka?"

Ya ce, "Ban da ita, ranka shi daɗe."

"Mun ji labarin rashin lafiyar mahaifinka, Allah ya ƙara sauƙi. Amma doka doka ce. Akwai wanda ka gaya wa kafin ka tafi? Ko da baki ne, faɗi sunansa."

Zufa ta karyo mini har tana ɗiga a kan rajista, na sa hannun riga na rufe wurin. Jira nake ya ɗago kai ya dube ni. Wallahi da ya dube ni sau ɗaya, da na yi magana. Bai ɗago ba. Ƙasa yake kallo, yana murza bakin hularsa da ya cire.

Can ya ce, "Laihina na, ranka shi daɗe. Ni nit tahi ban amshi takarda ba."

Firinsifal ya juyo gare ni. "Malam Sani, kana da abin cewa?"

Na tuna matata, na tuna 'yan ƙannena biyu da nake riƙo a Lambara, na tuna fayil ɗina da babu ko ɗigo a cikinsa. Sai na ji muryata tana cewa, "Babu takardarsa a littafi, ranka ya daɗe."

Ku lura, ban yi ƙarya ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Firinsifal ya ja jan biro a kan sunan, ya sa hannu a ƙasan jerin, aka liƙe ambulan. Kafin rana ta take tsaka mota ta kama hanyar Sakkwato.

Na koma ofis na zauna kamar wanda aka yi wa duka. Ina ta ba kaina haƙuri: ai shi ma ya san doka, ai ya sa hannu, ai baɗi ma shekara ce. Amma na san babu wata baɗi. Kafin baɗi an sallame shi daga aiki, kuma wanda aka sallama ba ya dawowa kwaleji.

Aka kira azahar, na tafi masallaci. Da aka tayar da iƙama, sai ga Umaru a gefena, kafaɗarsa na gogar tawa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da liman ya sallame, Umaru ya juyo ya miƙo mini hannu biyu kamar kullum, ya ce, "Malam, ina wuni?" Ko alamar wani abu babu a fuskarsa. Na tashi ko addu'a ban tsaya ba, na nufi ofishin Firinsifal takalmina a hannu.

Na gaya masa komai a tsaye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya dubi agogon bango.

Ya ce, "Da ɗazu ka faɗi wannan, magana tana hannuna. Yanzu ta bar hannuna." Ya turo mini farar takarda da kabon. "Zauna ka rubuta abin da ka gaya mini, da hannunka, ka sa suna. Ka san inda kwafin zai je?"

Na ce, "Fayil ɗina, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To rubuta. Ƙarfe uku da rabi ofishin jarrabawa ke tashi."

Na zauna na rubuta. Ya ƙara layi biyu a ƙasa, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na hau babur ƙarfe biyu da rabi ta gota, na kama hanyar Sakkwato. Man da ke ciki ban san ko zai kai ni ba, ina tafe ina girgiza tankin ina saurare. Zafin ranar nan kuwa kamar a bakin murhu. Kowace ƙara injin ya yi sai in ce shi ke nan, ya mutu. Kusa da shiga gari ya fara shaƙewa, na kwantar da shi gefe guda don sauran man ya gangaro, na sake bugawa ya tashi. Ban taɓa roƙon Allah a kan ƙarfe irin na ranar ba.

Na isa ana rufe tagogi. Jami'in da ke karɓar sunaye, wani mai furfura, ya riga ya saɓa babbar rigarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Mun tashi, Malam. Sai gobe."

Na ce, "Yallaɓai, gobe ba ta da amfani. Don girman Allah ka karanta wagga."

Ya karɓa yana tsaki, ya karanta a tsaye. Da ya kai ƙarshe sai ya sake komawa sama. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ar rubuta wagga da hannunka?"

"Ni na."

"Cikin wanga lokaci da aka neman na kora? Ka san mi kay yi ma kanka?"

Na ce na sani. Sai ya ajiye rigar, ya jawo durowa ya fito da ambulan ɗin makarantarmu. Ya rubuta sunan Umaru a ƙarshen jeri, ya maƙala takardata a baya. Na fito na zauna a kan dakalin ofishin na daɗe. Babur kuwa tura shi na yi har gidan wani ɗan'uwana, domin ko ɗigon mai bai rage ba.

Washegari aka karɓe littafin izini daga hannuna aka ba wani. Ba a kore ni ba, Allah ya rufa asiri, amma na yi wata da watanni duk ambulan ɗin da aka miƙo mini sai in ɗauka takardar kora ce, kuma takardar nan ta bi ni a fayil har na yi ritaya. Umaru ya zana jarrabawarsa, ya koma ajinsa a Danchadi.

Amma kafin nan, kwana biyu da faruwar abin, na fito da safe zan tafi aji, sai na tarar da shi tsugune a ƙofar gidana. Na ɗauka godiya ya zo yi, har na fara shirya abin da zan ce don in kare kunyata.

Ya ce, "Malam, na ji abin da anka yi maka saboda ni. Don Allah ka yahe min, ni nij jawo maka."

Mutumin da na zauna ina kallo aka soke sunansa, shi ne yake neman gafarata. Na juya na koma cikin gida, don kada ya ga hawayena.

A da ina ɗauka an ƙirƙiro takardun nan ne don a kama ɗalibai masu wayo. Masu wayo ba su buƙatar kowa, su za su yi wa kansu magana. Mutanenmu na ƙauyukan nan kuwa, akwai da yawa da za su gwammace su rasa abincinsu da su kunyata malaminsu a gaban jama'a. Saboda haka idan ɗalibi ya tare ku da uzuri, a masallaci ne ko a kasuwa, kada ku ce masa gobe. Ku rubuta tun yana tsugune a gabanku, domin ranar da kuka manta, shi ba zai tona ku ba.