Girkin da Lagireto Ya Yi Mana a Hanyar Maikunkele

Jama'a, yau motata ta yi girki.

Surukata na ɗauko daga Barkin Sale zan kai ta filin jirgi a Maikunkele, maniyyata za su tashi ƙarfe biyu. Ita da matata suna zaune a baya. Mun wuce Bosso ke nan, sai tururi ya turnuƙe gaban 'yar motar. Na buɗe na duba. Lagireto ya tsage, ruwa yana ɗiga.

Wani mai faci ya leƙo ya ce, "Oga, fasa ɗanyen ƙwai a ciki. Idan ya dahu zai toshe ramin." Na fasa biyu. Ɗigar ba ta tsaya ba.

Wani direban tifa ya tsaya ya ce, "Wane irin ƙwai? Barkono ake sawa." Matata ta kwance ƙullin yajin da aka yi wa tsohuwa guzuri, muka juye.

Wata mai doya ta ce mijinta garin kwaki yake zubawa. Na duba agogo, ɗaya da rabi. Na zuba.

Wallahi ya toshe! Muka kama hanya muna ta atishawa, hawaye na zuba, ina tuƙi da ido ɗaya.

A ƙofar filin jirgi wani soja ya sunkuyo, ya shinshina, ya ce ba a shiga da abincin sayarwa. Sai da na buɗe masa gaban motar ya gani.

Surukata, da tun safe ba ta ce mini uffan ba saboda kunya, ta sauko da jakarta, ta goge ido, ta dubi 'yarta ta ce, "Ki gaya wa mijinki ya manta gishiri."