Ciwon da ke Jinin Gidan Labbo

Duk wanda ya zauna Gangara a shekarun fari ya san Sodangi ɗan Labbo. Ƙato ne mai gajeren wuya, mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda kan ɗora dami biyu na gero a ka ya tafi yana hira. Mutane kan ce 'yan gidan Labbo akwai ƙarfi, amma ba sa tsufa a tsaye. Gaskiya ce kuwa. Kakansu a gona ya faɗi, hauya a hannu. Labbo a ƙofar masallaci ya zube, ya shekara huɗu kwance, baki a karkace. Sai ga Illo, wan Sodangi, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Sabon Birni, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Illo ya faɗi ne a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Maza suka yi ta naɗe tabarmi suna yin kudu cin rani. Sodangi fa, ina za shi? Matar Illo ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata suna gidajen aure nesa. Mai juya shi, mai kai shi makewayi, mai yi masa wanka, namiji ɗaya ne tak a gidan nan. Duk ranar da Sodangi ya kwanta, mutum biyu ne suka kwanta, kuma ya san haka sarai.

Da ƙeyarsa ta fara sara, tsoro ya kama shi, ya hau jaki sai garin Isa. Wani malamin asibiti ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya hura, ya duba, ya sake hurawa. Ya tambayi labarin ubansa da kakansa, ya girgiza kai.

"Malam Sodangi, hawan jini gare ka, kuma ya hau ƙwarai. Wannan abu a jininku yake. Ga magani, kullum ƙwaya ɗaya, in ya ƙare ka dawo. Gishiri kuma ka rage."

Gado malamin yake nufi, ai haka kowa ke faɗa. Amma Sodangi, bawan Allah, tun a hanya yake murmushi shi kaɗai. Ashe abin yana da mazauni! Abin da ke cikin jini ai wanzami na fitar da shi. Bai sauka a gida ba, ya zarce rumfar Ɗanmusa wanzami.

Daga nan duk Juma'a sai an kafa masa ƙaho shida, ƙeya da kafaɗu. Ɗanmusa ya tsaga, ya zuƙa, ya zazzage guda-gudan baƙin jini a cikin toka, Sodangi yana kallo kamar an kashe masa maciji a ɗaki. Ya dawo ya durƙusa gaban wansa.

"Yaya, yau ma an rage shi. Ni ba ni hwaɗuwa in bar ka."

Illo sai dai ya bi shi da ido, yawu na zuba a gefen baki.

Maganin ya ƙare, bai koma ba. Isa tafiyar yini ce, wa zai zauna da Illo? Gishiri kuwa, kai jama'a, gidan da ake cin tafasa da dusa, wa ke iya haɗiye su lami? Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don mutumin nan ba sakarai ba ne. Hanya ce ta toshe masa ko'ina, ya ga 'yar kafa ɗaya ya cusa kai.

Matarsa Saude ta gaji da shiru. "Malam, jinin ga da kake zubarwa, da mi za ka maida shi? Tuwo babu, hura babu."

"Ke dai ki kama bakinki!" in ji shi.

Ɗanmusa ma daga baya ya fara noƙewa. "Sodangi, wata huɗu ke nan. Ni aska gare ni, ba ni da abin da ka raba ɗa da ubanai."

Sodangi ya zage shi tas, Juma'a na zagayowa ya koma, ya tuɓe riga ya zauna.

Wata Talata da hantsi ya sunkuya zai ɗauki Illo ya mai da shi inuwa, kamar kullum. Ya sa hannu biyu, hagu ta ƙi zuwa. Ya dube ta tana lilo, ya ce ko ya danne ta ne da barci. Sai ƙafa ta bi ta, ya zame ya zauna daɓas a jikin bango. Saude tana can bayan rumbu tana daka. Ya buɗe baki zai kira ta, harshe ya cika masa baki, abin da ya fito ba suna ba ne. Ya sake gwadawa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi, hawaye suka zubo.

Illo yana kwance taku biyu daga gare shi, ya gane tun kafin shi. Ya miƙa hannunsa mai rai, ya yi ta laluben ƙasa har ya kamo kwanon sha. Ya ɗaga ya buga da dutse, ya sake bugawa, yana kallon ƙanensa, yana bugawa, har taɓarya ta tsaya a bayan rumbu.