Keken Kawu Sale da Hanyar Bahra

Ranar wata Alhamis ce a watan Rajab, shekarar da aka yi shelar 'yanta bayi a nan ƙasar Makka. Jikokina sun ce sittin da biyu ke nan a lissafin Nasara. An idar da sallar asuba, sanyi yana ratsa zane, ni kuwa ina zaune a bayan keken Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, an naɗa mini tsumma a kan ƙarfen, ƙafafuna suna reto. Na rungume wata kwalba da na wanke da toka har tana ƙyalli. Bahar Maliya za ni, in ɗebo ruwansa in kawo gida. Abin da ke raina ke nan.

A Nakkasa muke zaune, wata unguwa a gefen Makka, can ƙirjin dutse, a ɗakin da aka yi da garewanin kananzir da aka buɗe aka daddake. Da rana ya yi zafi kamar tanda, in iska ta taso ya yi ta kuka. Mahaifina ya rasu a hanyar zuwa, ni kuwa a cikin Inna na ƙetaro teku, a nan aka haife ni. Ba mu da iƙama, takardar zama, kuma wanda ba shi da ita, inuwarsa ma tsoro take ba shi. Aikina in sauka bazan, wurin ɗiban ruwan unguwa, in hau da garwa a ka, in taya Inna wankin mutanen gari, da yamma mu je gefen Harami mu sayar da hatsin tattabaru. In mahajjata sun watsa sun wuce, mu share abin da tsuntsaye suka rage mu bakace. Wasanmu carafke da ƙwallon dabino, shi ma a bakin ƙofa, don ana satar 'ya'yan Takari, wato mu baƙin da suka ƙetaro teku, a sayar. Inna takan ce, "Baƙin yaro ba ya nisa da zanen uwarsa." Duk inda na juya dutse ne, gabas dutse, yamma dutse, sama kuwa ɗan faifai ne aka kife mana.

Kawu Sale yana aiki wurin wani mai gyaran risho da fitilu, shi ke kai wa masu kaya kayansu a keken shagon. Mutum ne dogo, mara yawan dariya, amma in ya jingina keken nan ya zauna shan shayi, sai bakinsa ya buɗe. Lokacin da jirgin ruwa ya zubar da su shi da Inna a ɓoye kusa da garin Lis, da ƙafa suka biyo gaɓa, kuma hanyar nan ba ta fita daga ransa ba. Da yatsa yake zana mana ita a ƙasa. Ga ruwa a hagu, shuɗi kamar an juye karofi, ga duwatsu a dama suna bin mutum kamar raƙuma a jere. Nan tudu ne, sai an sauka an tura keke, nan kuwa gangara ce, a saki feda iska ta cika riga. Nan masunta suke gasa kifi ba a tambayar baƙo daga ina yake. Hanyar arewa kuwa, daga Rabig har Yanbu, daga bakin direbobin lori ya tsinto, amma yana faɗa kamar jiya ya dawo. Ya ce wata rana zai bi ta duka da keke, daga wannan bakin har wancan. Inna ta ce masa ya fara biyo gangaren bazan da ruwa tukuna, mai yawon duniya a zaune.

To, rannan sai na ji yana gaya wa Inna gobe zai kai fitilu biyu Bahra, shi ne ma ya roƙi maigidansa ya bar shi ya je da keke. Ni kunnena Bahar ya ji. Ban san akwai wani ƙauye mai suna Bahra ba, rabin hanya tsakanin Makka da Jidda. Na kama kuka, na ƙi tuwo, har Inna ta gaji. Ta ce tunda an yi shela, wataƙila ɓarayin yara sun ji tsoro, in je, amma kada ya bari askari ya gan mu. Ba wanda ya tambaye ni amfanin kwalbar, an ɗauka ta ruwan sha ce.

Muka gangaro, muka bar gidaje a baya, fitilu suna karo da juna a hannun keke. Lori ya wuce ya watsa mana ƙura, Kawu ya yi ta taka feda yana salati. Da muka kusa shingen askarawa sai ya sauka daga kwalta, ya kewaya ta bayan wani dutse yana tura keken cikin tsakuwa, ni ina biye ƙaya tana cin ƙafata, ya ce ko tari kada in yi. Muka sake hawa hanya. Duk tudun da muka hau sai in miƙe wuya in ce yanzu ne, sai in ga wani tudun. Da rana ta take tsaka duwatsu suka fara ja da baya, sama ta buɗe, ban taɓa sanin tana da faɗi haka ba.

Muka tsaya a wata gahawa, rumfar shayi mai dogayen kujerun kaba. Kawu ya sauke fitilu, ya ce to ga mu a Bahra. Na diro da kwalbata, na zagaya rumfar, na leƙa bayanta. Akuya biyu, randa ɗaya, sai yashi. Na koma na tambayi mai gahawar da ɗan Larabcina ina ruwan yake. Ya nuna mini randa. Na ce ba wannan ba, babban, mai jirage. Mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira direbobin da ke kishingiɗe su zo su ga 'yar Takarin da ta zo wanka a tekun Bahra. Wani ya ce in jira, an kai shi Jidda wanki, jibi za a dawo da shi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi kwalbar, ya dube ni, sai a lokacin ya gane. Na riƙe rigarsa na ce mu ƙarasa, ai ya san hanya.

Ya ce, "Uwata, daga nan ƙasa shimfiɗe take. Babu dutsen da zai ɓoye mu."

Ya ɗauke ni a kafaɗa ya hau wani ɗan tudu bayan rumfar, ya juya mu yamma, inda kwalta ta miƙe ta shige cikin hazo. Wata iska mai laushi tana tasowa daga can. Muka daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Lashi leɓenki." Na lasa, na ji gishiri. Ya ce, "To, shi ne ya aiko gaisuwa." Na san hawayena ne, shi ma ya sani, kuma na ji kafaɗarsa tana rawa a ƙarƙashina. Muka juyo, duwatsu suka sake rufe mu kafin magariba.

Bayan hajjin shekarar aka yi kame, aka tare Kawu yana kan aiki, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gida. Ya ga tekunsa, amma ba a kan keke ba, kuma ban ƙara jin muryarsa ba.

Yau an rushe inda ɗakinmu yake, takarda kuwa na same ta bayan na yi aure. Jikokina suna ɗaura kekuna a bayan mota su tafi gaɓa da abokansu, da hulunan kwano kamar ƙoƙo, su hau tudu su gangara har Yanbu, ba mai cewa su tsaya. In sun dawo nakan zaunar da su in ce su faɗa mini hanyar, tudu bayan tudu, kada su tsallake ko ɗaya. Sun sha cewa in zo su kai ni. Yanzu ba mai tare ni sai gwiwata.